Ƙafar da Ba a Rufe Ba

Laraba, bayan la'asar

Na dawo Mafara. Na buɗe shago, na share, na goge madubin da masu ɗaukar fasfo ke duba fuskarsu, na zauna. Ba wanda ya shigo sai wani mai neman aiki, hularsa a karkace. Na miƙa hannu zan gyara masa kamar kullum, hannun ya tsaya a hanya. Haka na ɗauke shi a karkace, ni da 'yan kasuwa ke kira Ɗayyabu Gyara-Hula.

Taibatu tana Bakura wurin Gwaggo Nagode, jiya na kai ta. Ita kaɗai ce ƙanwata da muka fito ciki ɗaya, kuma daga ita sai zanen jikinta da wayarta ta baro ƙauyensu da aka kai wa hari. Mijinta Mamuda ba a gan shi ba. Wani da ya tsere ya ce ya hango shi cikin waɗanda mutanen daji suka kora gaba tare da shanu. Da wannan maganar muke kwana muke tashi yanzu, dukanmu.

Matata Mufida tana gidansu a Gusau tana wankan jego. Ɗakin shiru. Shi ya sa na ɗauki biro, in ba haka ba da bango zan fara hira.

Alhamis, hantsi

Shamsuddeen ya kira. Tare muka yi sakandare, yanzu yana aikin jarida a Abuja, har Hausarsa ta yi wanka ta sa turare. Ranar Litinin, ina dawowa Maradun daga ƙauyen su Mamuda, na tura masa duk abin da na ɗauka. Raina a ɓace yake lokacin, na ce ya nuna wa duk mai ido.

Ya ce na rumbunan da aka ƙone sun riga sun fita. Amma akwai guda da ya ajiye don babban rahoton da yake haɗawa.

“Wannan na ƙafafun,” in ji shi. “Ɗayyabu, ka san abin da ka ɗauka kuwa? Ba fuska, ba jini, amma ba mai kallonsa ya ci abinci. Hasken ma kamar ka yi oda.”

Na ce na gode. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na ji daɗin yabon. Shekara da shekaru ina ɗaukar angwaye da jarirai, ba wanda ya taɓa ce mini ya ga haske. Ya ce in turo masa babba, wanda waya ba ta matse ba. Na ce to, in an kawo wuta.

Jumma'a, bayan masallaci

An yi addu'a. An kawo wuta. Ban kunna kwamfuta ba.

Asabar, da yamma

Bari in rubuta ranar Litinin ɗin, ko ta bar ni.

Na samu Taibatu a makarantar firamare a Maradun, cikin matan da suka kwana suna tafiya. Ta riƙe mini riga ta ce in je in dubo mata Mamuda. Sai na bi motocin masu zuwa jana'iza, da rakiyar jami'an tsaro, zuwa gaba da Gidan Goga. Kyamara tana wuyana don kullum a nan take, ban ma san na ɗauko ta ba.

Mun tarar mutanen ƙauyukan kusa sun riga mu. Su suka tattaro, su suka naɗe, don 'yan garin kowa ya yi ta kansa. Likkafani bai isa ba, sauran sai tabarmi da zannuwan gado. An jera su a inuwar wata tsamiya. Na bi ina tambaya, akwai Mamuda, dogo, mai tsage a kunci? Wani ya ce bai san shi ba, wani ya ce ai an ce yana cikin waɗanda aka tafi da su. Masu rakiya suna ta cewa a yi sauri, ba za su kai la'asar a wurin ba. Ban buɗe ko tabarma ɗaya ba. Ban nemi a buɗe mini ba, kuma na ji sanyi da ba wanda ya ce in buɗe.

Tabarmin sun yi gajeru. Ƙafafu duk a waje, da taɓon gona a jikinsu. Wani dattijo yana bin layin da tsummoki a kafaɗa yana rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Na yi wa dattijon nan wata magana. Yau ba zan rubuta ta ba.

Lahadi, azahar

Na sayi hoce da ƙuli, na ci rabi, na ba kajin maƙwabta sauran. Mufida ta turo hoton jaririyarmu. Wanda ya ɗauka ya yanke mata rabin kai.

Talata, bayan azahar

Ranar kasuwa, shago ya cika, har na manta na yi dariya da wani mai shanu da ya rantse sai an ɗauke shi da sandarsa. Da mutane suka tsagaita na kunna kwamfuta don in cika wa Shamsuddeen alkawari. Na buɗe hoton, na ƙara masa girma in duba ko ya fita tsaf, kamar yadda nake yi wa kowane hoto kafin ya bar hannuna. Na bi layin daga wannan gefe.

Na kashe. Na fita na tsaya a bakin titi ina kallon masu lodin albasa. Na dawo na kunna.

Mai hoto ya san abin da kowa ke ɓoyewa, aikin ke nan. Wannan giɓi, wancan ido ɗaya ya fi ɗaya, wata ba ta so a ga ƙuna a hannunta. Ranar auren Taibatu ni na ɗauke su, kuma sai da muka yi ta fama da Mamuda don ya ƙi tsayawa daidai, yana ta maida ƙafar hagu bayan ta dama. Na ce ango, rawa za ka yi mana? Ya yi dariya ya raɗa mini cewa gatari ya cire masa ƙaramin yatsa tun yana yaro, ba ya so ya fito. Na ce bar ni da shi. Na ajiye tukunyar fulawar roba a gaban ƙafar.

Na lalubo hoton auren na ajiye kusa da wannan. Ban san me nake nema ba, tunda a na auren fulawa ce a wurin.

Kusa da ƙarshen layi. Ƙafar hagu, ba ƙaramin yatsa. Akwai jan lalle a diddige.

Ba shi kaɗai ne mai yatsa huɗu a ƙasar Maradun ba. Manoma ne, kowa da gatarinsa.

Laraba, da safe

Ba shi kaɗai ba ne.

Alhamis, bayan magariba

Na je Bakura. Na tafi da niyyar faɗa wa Taibatu, har na tsara maganar a kan mashin tun daga kwanar gari.

Gwaggo ta tare ni a zaure kafin in shiga. Ta ce dangin Mamuda sun aiko, wasu na cewa a yi masa sadaka, wasu na cewa ba a yi wa mai rai. Ta ce ta gwada taɓa wa Taibatu zancen takaba, yarinyar ta kwana ba ta yi mata magana ba.

Na samu Taibatu a gindin dalbejiya tana tsinke zogale, da 'yan kunnenta, da sabon kitso. Wayar tana kan cinyarta.

“Yaya, ka ga wayar ga? Ba ni barin ta mutu. Kullum sai na aika an yi mata caji. In sunka bar shi shi kira, lambata ɗai ya haddace, ko tashi bai riƙe ba.”

Na ce haka ne.

“Abin da ke damuna tahiyar ƙasa. An ce nisa suka kai mutane, shi ko ga faso. Duk damina sai diddigenshi ya tsage hal shi yi jini. Ana jibi abin ga zai faru na kwaɓa lalle na ɗaura mai, na ce shi bari shi kwana biyu ana sawa, ya ce shi ba amarya ba ne.”

Ta yi dariya. Ni ma na yi, Allah ya gani na yi. Ta dube ni ta ce na rame, ko rashin tuwon Mufida ne, ta ce namiji ba mata sai ka ce tsohon kwando. Ta zuba mini fura na shanye tas. Na yi sallama na hau mashin.

Ban faɗa ba. A hanya na tsaya kusa da gonakin shinkafa na amayar da furar.

Jumma'a, la'asar

Na kira Shamsuddeen na ce a janye hoton. Na faɗa masa dalili, shi ne mutum na farko da na faɗa wa. Ya yi salati, ya yi mini gaisuwa yadda ya kamata, har muryarsa ta koma ta Mafara. Na san kuma akwai magana a bayan gaisuwar.

Ya ce, “Ka san abin da ake cewa yanzu? Wai mutum biyu-uku ne, wai ana ƙara gishiri. Hotonka kowa zai iya sa yatsa ya ƙirga. Ba fuskar kowa, ba mu ci mutuncin kowa ba. In muka ɓoye, an kashe su an kuma ce ba a yi ba.”

Na ce wayar Taibatu ba ta barin cinyarta. In hoton ya fita, kafin azahar ya zagaye Bakura, kuma ita ta ɗaura lallen da hannunta.

“To ka je ka faɗa mata, Ɗayyabu. Hoto ko ba hoto, ai sai an faɗa mata.”

Na ce sauran fa? Kowace ƙafa a layin nan akwai mai saninta.

Ya ce, “Da ka tsaya ka ɗauka, su ka tambaya?”

Sai na zage shi. Na ce suna zaune a cikin sanyi suna cin abinci da gawarmu. Ba gaskiya ba ne, kawunsa ma a hanyar garin Kaya mutanen daji suka tare shi bara, kuma na sani. Ya bar ni na gama. Ya ce rahoton sai Jumma'a mai zuwa, kuma maganar hoton ba a hannunsa kaɗai take ba yanzu, amma zai jira kirana.

Har yanzu ban san wanda ya fi gaskiya tsakaninmu ba. Da na sani da na samu barci.

Lahadi, hantsi

An zo ɗaukata aikin suna. Na ce kyamara ta lalace.

Litinin, bayan la'asar

Na je Maradun neman dattijon nan mai tsummoki. Tunanina shi ne, in ya ga fuska, ya zama akwai shaida na mutum, in je wa Taibatu da maganar baki kamar yadda ake kai wa kowa rasuwa, ba sai na nuna mata komai ba. Na yi ta kwatance har aka kai ni wata rumfa bayan kasuwa. Sunansa Malam Shehu, yana saƙar igiya.

Na yi sallama na durƙusa. Barka da rana, Baba. Barka kadai. Ina gajiya? Gajiya ta bi lahiya. Ya iyali, ya damina, ya muka ji da wanga abu? Sai haƙuri, ɗana, sai godiya. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, yana kallona.

“Na gane ka,” ya ce. “Kai ne mai hoto. Kai ne kac ce in dakata.”

To, ga ta nan, shi ya faɗa, ni rubutawa kawai na yi. Yana sunkuye zai rufe ƙafafun ƙarshen layi, rana ta ratso ta cikin tsamiya ta kwanta a kansu, na ɗaga masa hannu kamar yadda nake ɗaga wa mai gilmawa a gaban amarya. Na ce, Baba, dakata. Ya dakata. Ya tsaya riƙe da tsumma har na ɗauka, na matsa gefe, na sake ɗauka. Kafin ya sunkuya masu rakiya suka buga tsawa, aka fara ɗiba. Na ƙarshen layin haka aka kai su.

Na ce ya yafe mini. Ya ce, “Ban yi hushi ba. Na ɗauka hukuma ce ta aiko ka, shi ya sa na tsaya. Da na san kai ma mai neman naka ne, da na ce ka kama mani gefe guda.”

Na kwatanta masa Mamuda. Ya ce shi ya naɗe na ƙarshen nan da hannunsa, a gona aka same su, amma shi baƙo ne a ƙauyen, bai san kowa ba. Game da fuska kuwa, ya girgiza kai, ya ce kar in tambaye shi.

Ba shaida ke nan. Duk duniya ba abin da ya san inda Mamuda yake sai hoton da na tsayar da tsoho na ɗauka. Da ban tsayar da shi ba, da Taibatu za ta tsufa tana kai waya caji. Na juya wannan a raina tun daga Maradun har gida ko zai wanke ni, bai wanke ni ba.

Talata, da yamma

Mufida ta kira, yarinyar tana ta kuka a bayanta. Ta ce muryata ba daidai ba. Na ce mura ce. Ta ce in sha citta.

Na yanke hoton, na bar ƙafafunsa shi kaɗai, don kar ta ga na wasu. Na wanke a ƙaramin kati. Ambulan ɗin shagona duk an buga musu fulawa da “Allah ya ba da zaman lafiya”. Na farke ɗaya na juya cikinsa waje na liƙe.

Laraba, bayan magariba

Na je. Na fara faɗa wa Gwaggo a zaure, ta toshe bakinta da gyale, ta biyo ni muka shiga tare. Taibatu tana ɗaki a kan tabarma. Da ta ga mun shigo mu biyu, kuma Gwaggo ta zauna kusa da ita har kafaɗarsu na gogayya, sai ta ajiye abin da ke hannunta.

“Yaya, mi ke cikin takardar ga?”

Duk abin da na tsara ya gudu. Na ce ranar da ta aike ni na ɗauki hoto, ban san abin da na ɗauka ba sai daga baya. Na ce ba dole sai ta duba ba, in ta yarda da maganata ya isa. Ta ce maganar mutane ce ta zaunar da ita nan tana jira, in ba ta.

Ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba, Gwaggo ce ke yi. Ta sa ɗan yatsa ta shafa wurin diddigen.

“Bai ko kama da kyau ba,” ta ce. “Na hwaɗa mai shi bari a ƙara.”

Ta yi innalillahi a hankali, ta maimaita. Sai ta ɗago ta dube ni, ba da faɗa ba, irin kallon da take yi mini tun tana ƙarama in tana so in tabbatar mata da abu.

“Yaya, kai da ba ka ɗaukar mutum sai ka gyara mai hula. Da ka gama, ka ja mai tabarmar ko?”

Da na ce e, da ta yarda. Ba wanda zai ƙaryata ni, Malam Shehu ba zai taɓa zuwa Bakura ba. Na buɗe baki da e ɗin a kan harshena, sai na ji ina ba ta labarin tsohon, da tsummokin, da hannun da na ɗaga. Na faɗa mata har da hasken.

Ana jin awaki a waje. Ta ajiye katin a kan tabarma. Ta kamo bakin mayafinta ta ja a kansa, ta rufe ƙafafun, ta tura gefen mayafin ƙarƙashin katin ta kowane ɓangare, kamar mai lulluɓe yaron da ya yi barci. Ta ɗora tafin hannunta a kai.

Da ɗaya hannun ta cire 'yan kunnenta ta miƙa wa Gwaggo. Ta ce a kira mai tsefe mata kai, a kuma aika wa danginsa. Ta ɗauki wayar ta danna har ta mutu.

Ban so in ƙara mata ba, amma jibi Jumma'a. Na faɗa mata zancen Shamsuddeen, yadda ya ce in an ɓoye za a ce ba a yi ba, da yadda ni kuma nake gani. Na ce abin da ta ce shi zan faɗa masa.

Ba ta ɗago ba. Hannunta yana nan a kan mayafin.

“Ku da kunka san duniya, ku yi yadda kunka gani,” ta ce. “Ni dai nawa na rufe shi.”

Na jira ko za ta ƙara wani abu. Gwaggo ta yi mini alama da ido, na tashi. Ba ta ce in gaida gida ba.

Ambulan ɗin yana aljihuna, ba komai a ciki. Shamsuddeen ya kira tun ina hanya, ya sake kira yanzu. Wayar tana nan kan tebur kusa da kyamara, ina kallonta tana haske.